Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsina Da Hakimansa Kan Halin Da Masu Juna Biyu Ke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Ina gaida 'yan majalisa, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da limamanmu na Juma'a da na masallatan unguwa.

Ni talakarku ce. Aikin ungozoma na yi a asibitocin gwamnati har na ajiye, kuma har yau mata ba su daina yi mini sallama ba idan ciki ya zo da gardama. Da ma'aikatar lafiya kaɗai maganar nan ta shafa, da can na kai ta. To amma yawancin abin da zan faɗa a cikin gidaje yake faruwa, ma'aikacin lafiya kuwa iyakarsa zaure. Masu iya shigar da magana har tsakar gida su ne mai unguwa da liman, su kuma bakin Sarki suke saurare.

Allah ya taimaki Sarki, tsoro da yunwa da hayaƙi da zafi da baƙin cikin da mai juna biyu ke sha ba a jikinta kaɗai suke tsayawa ba. Suna isa ga ɗan da take ɗauke da shi, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ta fi jin jiki, domin a lokacin ake gina ta.

Tun ciki bai cika wata guda ba, akwai wani siririn bututu da ke naɗewa a bayan tayi ya rufe, shi ne zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Wajen kwana 28 da ɗaukar ciki yake gama rufewa, lokacin matar ba ta ma tabbatar da ɓatan watanta ba. Idan bai rufe daidai ba sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, wani kuma ƙoƙon kansa ne ba ya haɗuwa. Na karɓi irin wannan haihuwa, na ga yadda tsofaffi ke saurin lulluɓe jaririn da zane suna raɗa cewa iska ce ta shafi uwar. Alhali ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 a kullum, idan aka fara sha kafin ciki da farkonsa, tana hana fiye da rabin irin wannan. Ƙwaya ce mai arha, tana nan a ɗakin awo.

Daga nan sai ƙirar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta kankama. Babban mutum yana da kusan biliyan 86, mafi yawansu a mahaifa aka yi su, har akwai lokacin da ake samar da dubban ɗaruruwa a minti ɗaya. Kowace sai ta tashi daga inda aka samar da ita ta tafi mazauninta, sannan a watanni ukun ƙarshe su dukufa miƙa wa juna jijiyoyi. Aikin jere yake bi. Abin da aka tsallake a wata na uku ba a komowa a yi shi a na takwas. Malamai sun fi ni sanin ayar nan ta Suratuz Zumar da ke cewa Allah yana halittar mu a cikin cikkunan uwayenmu, halitta bayan halitta, cikin duffai uku.

Sai dai mu matanmu ba sa zuwa awo sai ciki ya fito ya ƙi ɓoyuwa, wata biyar ko shida. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau 8, na farko kafin ta wuce mako 12. Kirarinmu ya ce kunya gare mu ba dai tsoro ba, to a nan kam kunyar tana cutar da mu. Amarya mai cikin fari tana ɓoyewa, miji yana jin nauyin uwarsa, uwar miji kuma ta ce, "Mu da muka haifi goma, wa ya auna mu?" Kafin a gama wannan jan ƙafa, watannin da suka fi kowane muhimmanci sun wuce.

Yanzu ga maganar tsoro, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Idan mutum ya firgita ko ya shiga ƙunci, jikinsa yana fitar da wani sinadari da likitoci ke kira kotisol, mai shirya jiki don gudu ko faɗa. Allah ya sanya wa mabiyiya wani makami da ke kashe kaifin mafi yawan kotisol ɗin uwa kafin ya kai ga tayi, kamar dai rariya da ke tare tsaki. Firgitar rana ɗaya, ko cacar bakin da aka yi da safe aka shirya da yamma, wannan mabiyiya na iya tarewa. Abin da ke fin ƙarfinta shi ne tashin hankalin da ba ya yankewa, mako ya bi mako, musamman idan ya haɗu da yunwa ko ciwo, don su ma suna raunana ta. Idan kotisol ya yawaita a wurin tayi, yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da riƙe abu, yana kuma iya tayar da naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini. Masu bincike sun daɗe suna ganin cewa yaran da aka yi cikinsu a irin wannan hali sun fi saurin razana, sun fi wahalar tattara hankali wuri ɗaya, wasu kuma baki yakan yi musu nauyi.

Abubuwa biyu da suka faru a wasu ƙasashe sun ƙara buɗe wa likitoci ido. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, har rabon babban mutum ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Da yake mutane ne masu ajiye takardun haihuwa, an bi yaran har girmansu. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar sun ninka sauran wajen kamuwa da taɓin hankalin nan mai sa mutum jin muryoyin da babu su. An sake ganin haka a yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961.

Na biyun ya fi kusa da abin da nake son Sarki ya ji. A Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya kakkarya turakun lantarki a lardin Kebek na Kanada, miliyoyin mutane suka zauna ba wuta, wasu har makonni. Mu da rashin wuta ya zame wa jiki za mu iya murmushi, amma a can sanyi ne mai kisa. Masana sun bi mata masu ciki fiye da ɗari da abin ya rutsa da su, suka auna 'ya'yansu suna shekara biyu, suka sake aunawa sun haura biyar. Yaran matan da suka fi shan wuya sun kasance a baya wajen magana da fahimta. Abin lura, da aka tantance, yawan wahalar da ta sami matar, wato kwana nawa ta yi ba wuta, sau nawa ta sauya matsuguni, me ta yi asara, shi ya fi tasiri a kan basirar yaron fiye da yadda ita ta ce ta ji a ranta. Ko mace mai dauriya ce da ba ta nuna komai a fuska, ɗan cikinta ya ɗanɗana.

Shi ya sa nake ganin "ki yi haƙuri, ki kwantar da hankalinki" da muke gaya wa masu ciki bai isa ba. Haƙuri ibada ce, ba na ja da wannan. Amma haƙurinta ba ya cire hayaƙi daga jininta, ba ya mayar mata da barcin da harbi ya ɗauke. Wanda ke riƙe da abin da ke tayar mata da hankali, shi ya kamata a yi wa wa'azi.

Ranka ya daɗe, idan makonni na rashin wuta sun bar tabo, ina ga shekarun da mutanen Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka kwashe? Wata yarinya da aka kawo mini, cikinta wata bakwai, sun gudo daga wani ƙauye na yamma suna zaune a kangon da ba a gama ginawa ba a bayan gari. Ina cikin ɗaura mata abin awon jini wani yaro ya buga ƙyauren langa-langa a waje. Kafin in ɗaga kai ta dira ƙasa ta rungume cikinta, jikinta na ɓari. Da ta dawo hayyacinta sai ta ce, "Inna, ni tun daren da aka shigo garinmu ban sake barcin dare ba, sai an kira assalatu nake ɗan runtsawa." Mijinta yana hannun 'yan bindiga a lokacin, ana ta haɗa kuɗin fansa. Jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura. Na duba katin awonta, akwai wurin rubuta nauyi, da hawan jini, da fitsari, da girman ciki, da kwanciyar jariri. Babu layi ko ɗaya da za a rubuta abin da ta gaya mini.

Ga kuma yunwa a kai. A Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shidan farko na shekarar saboda tamowa. Da ta auna iyaye mata 750 da suka kawo 'ya'yansu, fiye da rabi su ma tamowar ce a jikinsu. Daga cikin irin waɗannan mata, da yawa goyo ne a baya, wani cikin a gaba. Uwar da ba ta da jini ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe da za ta ba tayi, shi kuwa ƙarfen nan ƙwaƙwalwa na buƙatarsa don lulluɓe jijiyoyinta.

Kada wani ya ɗauki maganata ya ce duk ɗan da aka haifa a gudun hijira ya lalace. Sam. Haɗari ne ke ƙaruwa, kuma da yawansu suna tashi lafiya lau. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa bayan haihuwa, nonon uwa zalla na wata shida, da goyo, da wasa da yaro, da yi masa magana suna gyara abu mai yawa. Kada kuma a mayar da wannan sani sandar dukan uwa, a ce ita ta ja wa ɗanta da yawan damuwarta. Ba ita ta kira 'yan bindiga ba.

Akwai kuma abin da ya shafi kowane gida, har waɗanda ke zaune lafiya a cikin birni, wato hayaƙi. Da damina, idan hadari ya taso, mace kan shigar da murhu ɗaki ko ƙaramin madafi marar taga. Itace jiƙaƙƙe, sai ta haɗa da kara, ta sa leda don wutar ta kama, ta durƙusa da tsohon ciki tana hurawa, idanu na zubar da ruwa. Ku dubi rufin irin wannan madafi yadda ya yi baƙi ƙirin, iskar da ta yi masa haka ita take shaƙa sau uku a rana. A cikin hayaƙin akwai wata iska marar wari, kabon monoksaid, wadda ke kama jini fiye da sau 200 kan yadda iskar numfashi ke kama shi, kuma jinin tayi ya fi na uwar riƙe ta. Ita ce dai ke fita daga gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki da hunturu, da janaretan da ake ajiyewa a gindin taga. A 2019 masu bincike a Beljiyam sun gano ɓurɓushin baƙin hayaƙi a mabiyiya, a ɓangaren da ke fuskantar jariri. Ba kowa ke da kuɗin gas ba, na sani. Amma rumfar kara a tsakar gida, ko fasa taga a madafi, ko a ɗauke wa mai ciki ranar girki idan akwai abokiyar zama ko ƙanwar miji, duk wannan ba ya buƙatar kasafin gwamnati.

Haka fiya-fiya. Ana fesa shi a ɗaki a rufe ƙofa mai ciki na ciki, ana zuba shi a buhun wake, maigida ya dawo daga feshin gona ya miƙa mata kayan ta wanke da hannu. Irin waɗannan magungunan jijiyar ƙwaro suke kamawa, kuma jijiyar tayi ba ta tsira ba. Tarayyar Turai ta haramta ɗaya daga cikinsu, kilofirifos, a 2020 saboda abin da aka gani yana yi wa ƙwaƙwalwar yara. Gubar dalma kuwa maƙwabtanmu na Zamfara sun ga iyakarta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Dalma tana maƙalewa a ƙashi shekara da shekaru, idan yarinya ta girma ta yi ciki sai ta fito tare da sinadarin ƙashi ta wuce wa tayi. Duk inda ake haƙar ma'adinai a ƙasar Katsina, hakimi ya hana kai dutse cikin gida. Kwallin dutse ma sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Gishiri kuma a sayi na leda mai aidin, domin wanda ya wuni a buɗe a faranti cikin rana aidin ɗinsa na raguwa, rashinsa kuwa shi ke kawo maƙoƙo ga uwa da daƙushewar basira ga ɗa.

Zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, shi ma ba wasa ba ne. A Gambiya an auna mata manoma masu ciki suna aiki a rana, aka ga bugun zuciyar tayi na tashi tare da zafin jikin uwar. Surfe da daka da ɗibar ruwa da tsakar rana a ɗage su zuwa sanyin safiya ko a ba wani. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana maƙalewa a mabiyiya ya tare abincin tayi, wani lokacin uwar ba ta ma jin zazzaɓin. Maganinsa gidan sauro da ƙwayar Fansidar da ake bayarwa a wurin awo daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku. Ina roƙon limamai su riƙa faɗa a fili cewa shari'a ta yi wa mai ciki rangwamen azumi idan ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro. Mata da yawa sun sani, kunyar a gan su suna cin abinci ce ke hana su.

Na bar mafi ɗaci a baya, wato abin da ke fitowa daga hannun miji da danginsa. Duka, da gori, da hana kuɗin cefane, da saki ana tsaka da laulayi, da ɗaura sabon aure a watan da take jiran haihuwa ba tare da ko lallashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin shida na fama da matsalar ƙwaƙwalwa lokacin da take da ciki, mafi yawa ciwon damuwa. Mu kuwa idan ta yi shiru ta daina cin abinci sai a ce shagwaɓa ce, idan ta yawaita kuka a ce aljanu. Allah da kansa ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni a Suratu Luƙman. A Suratuɗ Ɗalaƙ kuma, aya ta 6, ya hana a cutar da matan da aka saka don a ƙuntata musu, ya ce idan masu ciki ne a ciyar da su har su sauke. Wannan fa wadda aka saka ke nan, balle wadda ke ɗakinta. Iyayenmu da suka ƙirƙiro goyon ciki sun san abin da suke yi, a mayar da yarinya gaban uwarta ta huta, ta ci mai kyau, ba mai ɗaga mata murya. Kuskuren kawai shi ne an taƙaita shi ga cikin fari. Mai ciki na bakwai, da yara shida a gabanta da jinin da ya ƙare, ta fi amarya buƙatar hutun.

Allah ya ja zamanin Sarki, mun ga abin da sarakuna suka yi a kan shan-inna. Lokacin da magidanta ke rufe ƙofa suna ɓoye yara, kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 da yawun Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ya sa hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba, gida-gida, har aka wayi gari a Agustan 2020 an tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan-inna daga Afirka. Irin wannan tsayuwar nake roƙa wa masu ciki. Sarki ya yi umarni magidanta su ba matansu izinin awo tun daga ɓatan wata na farko, izini guda da zai wadatar har haihuwa, kada ta jira maigida ya dawo daga ci-rani. Kowane mai unguwa ya san masu cikin da ke cikin 'yan gudun hijirar unguwarsa, idan tallafin hatsi ko zakka ya zo a fara da su. Wanda aka kawo ƙararsa ya doki mace da ciki, kada dagaci ya sallame su da "ki koma ki yi haƙuri" kawai.

Saura kuma sai Sarki ya isar wa Mai Girma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa, tunda uba ne gare shi. A ƙara tambayoyi uku ko huɗu a katin awo: kina barci, kina cin abinci, akwai mai dukanki, a ina kike girki. A Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye yadda za su zauna da mai ciki mai ciwon damuwa su saurare ta su ja danginta a jiki, aka ga sauƙi ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. Makarantar ungozoma ta Malumfashi da makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura za su iya sa shi a karatun ɗalibansu, ta yadda kowace mazaɓa cikin 361 na jihar nan za ta sami ko da mace ɗaya da ta iya. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya kuma su fara rubuta sunayen jariran da ake haifa a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, su bi su har shiga aji ɗaya, don malaman firamare su san waɗanda za su ba ƙarin kulawa. Mu tsofaffin ungozomomi muna nan da yawa a gari, idan aka kira mu don koyar da yara ko zama da matan da ke kangaye, za mu zo.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, Sarki ya gafarta wa talakarsa. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya, ya sauki masu ciki lafiya.

Wassalamu alaikum.

Taku mai biyayya,
Wata tsohuwar ungozoma, birnin Katsina.